Masu Tura Fim a Waya, Ku Daina Yanke Horon Shaolin

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana kan wani tsohon fim ɗin Chanis da har yau yake yawo a wayoyin matasa a nan Katsina, amma a gurgunce. Fim ɗin shi ne The 36th Chamber of Shaolin, wanda kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong ya fitar a 1978. Dattawan da suka kalle shi a silima ko a kaset za su tuna jarumin nan mai askakken kai da ke ɗibar ruwa da wuƙaƙe ɗaure a damatsansa. Ra'ayinmu shi ne, a duk fina-finan faɗa na wancan zamani da wuya a sami wanda ya kai shi tsari, kuma abin da ya ba shi wannan daraja shi ne ainihin abin da ake fara yankewa idan za a rage shi a tura a waya, wato horo.

Ga wanda bai san labarin ba, a taƙaice yake. A zamanin daular Qing, lokacin da ƙabilar Manchu ke mulkin ƙasar Sin, wani ɗalibi ɗan mai sayar da kifi a yankin Canton ya shiga sahun masu yi wa gwamnati tawaye a ɓoye, tare da malaminsu. Asirinsu ya tonu, aka kashe malamin da abokan karatunsa da mahaifinsa. Shi kuma ya tsere da rauni a ƙafa har gidan ibadar Shaolin, aka aske masa kai, aka sa masa suna San Te. Can ya koyi faɗa ɗaki bayan ɗaki, ɗakuna 35. Da ya gama sai ya nemi a ba shi izinin buɗe ɗaki na 36, inda za a koyar da talakawan gari waɗanda ba 'yan gidan ibadar ba. Ɗaukar fansa ta zo daga ƙarshe. Tsawon fim ɗin kimanin minti 115 ne, kuma tsakiyarsa, kusan rabin lokacin, babu abokin gaba a ciki sam. Mutum ne da ruwa da bokiti da gora.

Wanda ya ba da umarni shi ne Lau Kar-leung, kuma sai an san ko wane ne shi kafin a gane dalilin da ya sa ya ɓata wannan lokaci a kan horo. Ba a makarantar fim ya taso ba. Mahaifinsa, Lau Cham, malamin faɗa ne a salon da ake kira Hung Gar, ya koya wurin Lam Sai-wing, shi kuma almajirin Wong Fei-hung ne, mashahurin malamin faɗa kuma mai maganin gargajiya da ya rasu a 1925. Lau Kar-leung ya shekara da shekaru yana tsara wa wasu daraktoci faɗa kafin a ba shi kyamara tasa a 1975. Jarumin fim ɗin, Gordon Liu, a makarantar Lau Cham ya koyi faɗa. Ke nan darakta da jarumi duk 'yan gida ɗaya ne, kuma abin da suke son nunawa shi ne yadda ake gina jiki ya zama na mafaɗaci, gaɓa bayan gaɓa.

A duba tsarin ɗakunan. Da aka tambayi San Te inda yake son farawa, sai zumuɗi ya sa ya ce ɗaki mafi girma. Ya shiga ya tarar da tsofaffi zaune suna karatun addininsu, babu ko sanda, kuma ba a taɓa shi ba ya tsinci kansa a ƙasa. Dole ya koma can farko. Ɗakin farko na ƙafa ne da daidaita jiki: akwai kududdufi tsakanin ɗalibai da ɗakin cin abinci, a kan ruwan akwai damin itace yana yawo, sai ka taka shi ka tsallaka. Wanda ya faɗa ya jiƙe, kafin ya bushe an cinye abinci. Darasin da ke ciki gaskiya ne ba na fim kawai ba. Abin da ke yawo a kan ruwa ba ya ɗaukar nauyin mutum idan ya tsaya a kansa, sai dai idan nauyin ya wuce da sauri, ƙafar baya ta riga ta tashi kafin ta gaba ta nutse. Duk wanda ya tsaya shawara a tsakiya ya sha ruwa.

Daga nan sai damtse. Ɗalibi zai ɗauki bokiti biyu cike da ruwa ya hau gangare da hannuwa a miƙe gefe da gefe, an ɗaura masa wuƙa a kowane damtse tsininta na kallon haƙarƙari. Hannu ya sauka, wuƙa ta soke shi. Sai ɗakin wuyan hannu, wanda a ganinmu ya fi kowane kyau. An ba shi doguwar gora mai nauyi a ƙarshenta, ya riƙe ta da hannu ɗaya ya riƙa buga ƙararrawa, kuma ba yadda ya ga dama ba, sai daidai da bugun da malamin ɗakin ke yi a kan ɗan katakonsa. Idan ya saba, sai a matsar da riƙon ya koma can gindin gorar. Nauyin bai ƙaru ba ko kaɗan, nisansa da hannu ne ya ƙaru. Kilo biyu a nisan mita uku yana murɗa wuyan hannu daidai da kilo goma sha biyu a nisan rabin mita. Babu wanda ya tsaya yi wa mai kallo wannan bayani a cikin fim ɗin, hoto kawai ya nuna, kuma ko yaro ya gani ya gane.

Sai ɗakin ido, inda ake sa kan ɗalibi tsakanin manyan sandunan turare biyu masu ci da wuta, ya bi hasken kyandir mai lilo da ƙwayar ido kaɗai. Ya juya kai, kunci ya ƙone. Sai ɗakin kai, inda ake tunkuyar buhunan yashi da ke rataye. Bayan duk waɗannan ne aka fara koya masa naushi da shuri da takobi da sanda, kuma darakta ya wuce su da sauri, domin ya riga ya kafa hujjarsa.

To ga inda matsalar take. Mai rage fim yana duba wannan tsakiya ya ga babu duka babu jini, sai ya ce jan lokaci ne, ya bar ɗan tsallaken ruwa da tunkuyar buhu don dariya, ya jefar da sauran. Abin da bai lura da shi ba shi ne, faɗace-faɗacen ƙarshe an gina su ne a kan ɗakunan nan. Idan San Te ya kauce wa sara ba tare da ya juya kai ba, ɗakin turare ne ya dawo. Idan ya karkatar da makamin abokin gaba da ɗan murɗa hannu, gorar ƙararrawa ce. Idan ya kai wa mutum karo da ka, buhunan yashi ne. Wanda ya ga horon yana kallon faɗan yana cewa "ga shi nan!" Wanda bai gani ba kuwa sai ya ga wani mai askakken kai yana dukan kowa ba gaira ba dalili, ya ce ai irin ƙaryar nan ce ta fim ɗin Chanis. Haka ma batun sanda mai gaɓa uku, makamin da San Te ya ƙirƙira. A cikin labarin, wani babban malami mai kula da ladabtarwa ya ƙi yarda a ɗaga darajar San Te sai ya kayar da shi, kuma da gajerun wuƙaƙensa biyu ya yi ta cin nasara a kansa. San Te ya koma yana tunanin makamin da zai yi tsawo idan ana son nisa, ya kuma naɗe idan an matso, har karyayyar gora ta ba shi dabara. Idan aka yanke kayen da ya sha, sandar ta zama abin ado kawai.

Ɓarna ta biyu ba ta almakashi ba ce, ta faɗin hoto ce, kuma ta girmi waya. An ɗauki fim ɗin ne da faffaɗan hoto, wanda kamfanin ke kira Shawscope, faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.35. Tsohuwar talabijin faɗinta 1.33 ne kacal. A wancan zamani masu buga kaset da yawa ba sa son baƙin layi sama da ƙasa, sai su datse gefe da gefe don hoto ya cika allo, wato a zubar da kusan kashi 43 cikin ɗari. A allon yau na 16:9, idan aka cika shi, ana asarar kusan kashi 24. Mafi muni shi ne gutsattsarin da ake sawa a TikTok da Facebook a tsaye, inda abin da ya rage bai kai rubu'in hoton asali ba. A fim ɗin soyayya ana iya haƙuri da wannan, tunda fuska ake kallo. Amma Lau yana ajiye mafaɗata biyu ne a kusurwoyi biyu na allo, tazarar da ke tsakaninsu ita ce labarin. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambe ya san ba fuskar ɗan dambe ake kallo ba, ƙafafunsa ake kallo da ratar da ya bari tsakaninsa da abokin karawa, a nan ake gane wanda zai yi kisa tun kafin hannu ya tashi. Idan aka datse gefe, sai ka ga sanda ta shigo daga waje ba ka ga mai riƙe da ita ba. Salon Hung Gar kuma ƙasa-ƙasa yake, ƙarfinsa a tsayuwar ƙafa ne, don haka mai zuƙo hoto ya yanke daga gwiwa zuwa ƙasa ya yanke rabin faɗan. Gyaran ba shi da wuya: a bar baƙin layin yadda yake, mai kallo ya kwantar da wayarsa. Kada kuma a ja hoton sama don a cike layin, shi ne ke sa mutane su koma zara-zara kamar an rataye su.

Akwai kuma maganar sauri. Fim na silima yana tafiya ne a hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Masu fim na Hong Kong sun saba rage gudun kyamara kaɗan a wajen faɗa, misali zuwa 22, ta yadda idan aka haska a 24 motsi zai ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Wannan da gangan ne, kuma ido ba ya kama shi. Amma tsarin talabijin na PAL da muke amfani da shi a Najeriya hoto 25 yake ci, don haka kaset da faifan da aka yi wa wannan tsari sun ƙara wani kashi 4. Fim mai minti 115 sai ya dawo kusan 110 ba tare da an yanke komai ba, muryoyi kuma su ɗan sirance. Idan mai tacewa ya zo ya sake ƙara gudu don fim ya gajarta, faɗan ya koma na 'yar tsana. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauko hoto daga kwafi mai 24 a ɗora masa sauti daga kwafi mai 25. Da farko ba za a lura ba, amma bayan minti goma sauti ya riga hoto da kusan daƙiƙa 25, ka ji ƙarar duka tun mutum bai ɗaga hannu ba. Kafin a haɗa su sai a duba gudun kowanne, a daidaita sautin tukuna. Haka nan kada a mayar da fim ɗin hoto 30 a daƙiƙa ko a sauke shi zuwa 15. Na farko yana maimaita hoto ɗaya cikin kowane huɗu, motsi ya riƙa tsattsayawa, na biyu kuma yana zubar da hotuna, alhali naushi guda bai wuce hoto huɗu ko biyar ba.

Girman fayil ma abin dubawa ne. Mun san memori tsada gare shi, kuma mai saye yana son fim goma a naira kaɗan. Amma idan aka matse minti 115 cikin megabayit 200, abin da kowace daƙiƙa ta samu kusan kilobit 230 ne kacal, hoto da sauti a haɗe. Wurin da mutane ke zaune suna magana zai fito lafiya lau, shi ya sa mai shago ke dubawa ya ce ba matsala. Da an fara juya sanda sai hoton ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai, domin matsi yana dogara ne da kamannin hoto da wanda ya gabace shi, faɗa kuwa kowane hoto daban yake. Megabayit 700 shi ne mafi ƙarancin da za mu ba da shawara, kuma gara a rage girman hoton zuwa layi 480 ya fito tas da a ce 720 ne amma dusu-dusu. Kwafi mai kyau yana nan. Kamfanin Celestial Pictures ya sayi taskar Shaw Brothers mai fim kusan 760, ya wanke su ya fara sake fitar da su tun 2002, saboda haka babu dalilin da zai sa a ci gaba da kwafar abin da aka kwafo daga tsohon kaset.

Ga masu ɗora muryar Hausa, ba mu da ja a kan sana'arku. Hasali ma fim ɗin tun asalinsa ba a ɗauki sauti a wurin ɗauka ba. Al'adar kamfanin ce a ɗauki hoto shiru, daga baya a shiga ɗaki a ɗora magana da ƙarar duka da fitar iska, a yi na harshen Mandarin, a yi na Kantonis, a yi na Ingilishi. Muryar Hausa ƙari ce a kan layin da aka saba. Roƙonmu biyu ne. Sautin asali a dunƙule yake, magana da kiɗa da ƙara duk a hanya ɗaya, don haka idan aka danne shi gaba ɗaya daga farko har ƙarshe, bugun katakon malamin ɗakin ƙararrawa ya tafi, kuma ba tare da shi ba mai kallo ba zai san San Te yana bin bugu ko yana kuskure ba. A danne sautin a daidai inda ake magana kawai, a sake shi da zarar an rufe baki. Na biyu, inda babu magana a bar shi shiru. Ba kowane tsalle ne ke buƙatar barkwanci ba. Shaolin kuma gidan ibadar mabiya addinin Buddha ne, a faɗe shi haka, kada a lulluɓe shi da kalmomin addininmu don a burge mai kallo, hakan rikita yara yake yi.

Ba muna cewa fim ɗin ba shi da aibu ba. Kashi na ƙarshe an yi shi cikin gaggawa. Almajiran da San Te ya tara bayan ya fito, ciki har da Hung Hei-kwun wanda masu salon Hung Gar ke ɗauka a matsayin kakansu, kowanne an ba shi 'yan mintoci ne aka wuce. Babban bos, Janar Tien Ta, wanda Lo Lieh ya fito a matsayinsa, ya ɓace kusan awa guda, kuma karawarsu ta ƙarshe ba ta kai zafin wadda aka yi da malamin ladabtarwa ba. Mata kusan babu su. Ta fuskar tarihi ma a yi hattara. Gidan Shaolin na gaske yana lardin Henan, an gina shi a shekarar 495, kuma ba a can aka ɗauki fim ɗin ba, a harabar kamfanin da ke Clear Water Bay a Hong Kong aka kafa ɗakunan. Zancen ɗakuna 35 da irin horon da ke cikinsu ya fi kusa da tatsuniyar masu faɗa da ƙirƙirar marubucin labarin, Ni Kuang, da darakta, fiye da abin da aka tabbatar a rubuce. Akwai masu fifita fina-finan Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, suna cewa dukansa ya fi kama da gaske. Ƙwarai kuwa, amma shi kullum a shirye yake fitowa, ba a nuna maka yadda ya zama haka.

Abu na ƙarshe na iyaye ne da malaman da ke koyar da karate da taekwondo a filayen wasanninmu, domin yaro idan ya kalli fim ɗin nan sai ya gwada. Tunkuyar buhun yashi kada a bari ko sau ɗaya. Ƙashin kai ba ya hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, kuma ciwon kai da jiri da amai bayan karo alamun zuwa asibiti ne ba na jarumta ba. Wuƙa a damtse da turare a kunci kayan fim ne. Bokiti da miƙaƙƙen hannu ma ba wasa ba ne: lita goma kilo goma ce, a ƙarshen miƙaƙƙen hannu kuwa jijiyoyin kafaɗa ne ke ɗaukar duka, su ne kuma ke fara yagewa. Mai son gwadawa ya fara da gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a kowane hannu, daƙiƙa 20, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kada hannu ya wuce saitin kafaɗa. Sanda mai gaɓa uku kuwa ta fi cin mai ita, ƙeya da 'yan yatsu take nema, sai da malami kuma da wadda aka naɗe da soso.

Abin da ya dace yaro ya ɗauka shi ne tsayuwar nan ta mahayin doki da ake gani a ko'ina cikin fim ɗin. A buɗe ƙafa kamar faɗin kafaɗa sau biyu, yatsun ƙafa na kallon gaba, a sauka kamar za a zauna a kujera, baya a miƙe, tafin ƙafa duka a ƙasa. Kurakurai uku ne ke lalata ta. Gwiwoyi su faɗo ciki, wannan shi ke kawo ciwon gwiwa, sai a tura su waje su bi saitin yatsu. Ɗuwawu ya fita baya ƙirji ya sunkuyo, nauyi ya koma kan ƙugu. Sai riƙe numfashi, wanda ke kawo jiri. A fara da daƙiƙa 30 sau uku a rana ba tare da an sauka ƙasa sosai ba, a riƙa ƙara daƙiƙa goma duk mako, sai an kai minti biyu cikin natsuwa kafin a ƙara sauka. Zafi a cinya daidai ne. Idan a cikin gwiwa aka ji shi, a miƙe a gyara tsayuwa.

Mun gode, Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu koyar da wasan kare kai da masu tace bidiyo,
Ƙofar Marusa, Katsina.